Ƙwaryar Goggo Takko

Da sunan Allah mai ciyar da bayinsa, Shi kuwa ba a ciyar da Shi.

Shekarar da ƙasar nan ta samu mulkin kai, 'yan makaranta suna yawo a Bagudo da ƙananan tutoci kore da fari, a shekarar aka kai ni gindin murhun Inna Yalwa. Mutanen hayin iyaka, na Dahome, sun riga mu samun nasu da 'yan makonni, saboda haka fataken gishiri masu shigowa ta Lolo suka riƙa kiranmu ƙannensu. Inna Yalwa ta ce da ɗayansu, "To yaya, ga ƙanwarka na son ragi a gishiri." Bai sake faɗa ba.

Inna Yalwa yayar mahaifiyata ce, sana'arta kuwa dafa wa majinyata abinci. Gidanta na kusa da ɗakin shan magani. Mutane na zuwa daga Matsinkai, daga Lafagu, daga rugagen Fulani, har daga hayin iyaka, wasu ba su jin Hausa sai Dandanci. Baƙo mara lafiya ba shi da murhu, wanda ya rako shi kuwa sau da yawa namiji ne da ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Su muke dafa wa. Kwanan baya na ji jikokina mata suna dariya, ɗaya tana cewa, "Kaka, wannan ma sana'a ce? Ai kunu ne." Shi ya sa na ɗauko alƙalami na rubuta wannan da ajamina, wanda ya iya boko ya juya musu.

Aikin farko da aka ba ni wanki ne. Na daɗe ina wanke tukwane da ƙore kafin a bar ni in taɓa muciya. Bayan wanki sai tata. Gasarar mai lafiya sau ɗaya ake tace ta, ta majinyaci kuwa sai an maimaita da ƙyalle mai laushi, har in ka murza ta tsakanin yatsu ba ka jin ko ɗan tsaki. Ni dai ina gani ɓata lokaci ne. Wata safiya na ƙone harshena da koko, sai Inna ta miƙo mini kunun tsamiya mai yaji irin wanda ake sayarwa a tasha, ta ce in sha. Na kurɓa, hawaye ya zubo mini.

Ta ce, "To, Kulu, haka bakinsu yake. Ke yau kaɗai, su kullum."

Daga ranar ban ƙara ƙorafin tata ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowane da dalilinsa. Tukunyar ƙasa ce ta kunu, kuma ba a taɓa dafa miya a cikinta, domin ƙasa tana riƙe wari. Akwai maburgi, akwai rariya, akwai faifan rufi da ba a ɗora komai a kansa. Ludayin duma muke ba majinyaci, ba cokalin ƙarfe ba. Ƙwaryar zuba masa kuwa ƙarama ce. Inna takan ce mara lafiya da idonsa yake fara ƙoshi, in ya ga babban akushi a cike, ya gaji tun bai taɓa ba.

Masu ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara, su ne suka fi kowa wuyar dafa wa. A farkon zamana da Inna ba mu san komai a kansu ba sai lallashi da addu'a. Da hanya ta ɗan gyaru, sai aka fara kai wasu babban asibitin birni, a yi musu aiki, a yi musu wata allura mai ƙarfi, su dawo gida su huta, su sake komawa. Allurar nan tana yaƙi da ciwon, amma tana kwance mutum. Gashi ya zube, baki ya yi miki, zuciya ta yi ta tashi. Ruwa ma ya koma musu da ɗanɗanon tsatsa, in ka ba su cokalin ƙarfe sai su ce ka zuba musu kwabo a baki. Wata malamar asibitin birnin da ta taɓa zama a garinmu ita ta fara koya mana yadda ake kula da su. Ta ce jikin mai shan allurar nan kamar gida ne da aka cire wa ƙyaure, kowace ƙaramar cuta tana iya shiga. A tafasa ruwan shansa, a tafasa madara, a rufe abinci daga ƙuda, kada a ba shi ɗumame. Mun riƙe wannan kamar karatun allo.

Sauran kuma murhu ne ya koya mana. Ba a soya albasa kusa da ɗakinsu. Ba a kai musu abinci yana tururi, domin tururi ke ɗauke wari ya kai hanci, sai ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Ba a jira su ce suna jin yunwa, ba za su ce ba. Kaɗan-kaɗan ake ba su, daga hantsi har almuru. Kuma kada wani ya ce muku kunu na warkar da daji. Magani yana asibiti, waraka tana wurin Allah. Abinci jaki ne mai ɗaukar magani, in jakin ya faɗi, kayan ba su isa gari.

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, direbobin Lolo suna murna wai sun huta da sauya hannu a kan iyaka, Inna Yalwa ta riga ta rasu, murhun ya dawo hannuna. A farkon daminar shekarar aka kawo mini aikin Goggo Takko.

Goggo Takko Bafillata ce daga wata ruga ta wajen Lafagu. Shekaru da yawa ita ke kawo mana nono da man shanu. Ni ina ce mata Goggo, ita tana ce mini Kaɗo, yadda Fulani ke kiran Bahaushe. Daji ya kama ta a mama, an yi mata aiki a birni, an fara allurar. Da yake ruga ta yi nisa da mota, sai aka sauke ta a cikin gari, gidan ɗiyarta ta fari, Dikko, wadda ke auren Malam Hamidu, mai fataucin goro tsakanin Kamba da Lolo. Malam Hamidu da kansa ya zo ya yi sallama da maigidana, aka kira ni.

Ya ce, "Kulu, a asibiti sun auna ta, sun ce jini ya yi ƙasa, jiki ya zube. In ta koma masu haka, ba su yi mata allura ta gaba. In kuwa anka tsallake, sun ce aikin baya na iya lalacewa. Kahin wata ya kama za mu koma. Ki dafa duk abin da kika sani, itace da kaya suna wuyana."

Na fara da kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa. Ƙwarya ta dawo yadda ta tafi. Na yi na shinkafa da madara, ta dawo. Na yi talge da miyar kuɓewa ba barkono ba daddawa, irin wanda ke zamewa a maƙogwaro ba sai an tauna ba, shi ma ya dawo da fatarsa a sama ba a ko huda ta ba. Na sauya tukunya, na sauya ruwa, na jiƙa citta. Duk wanda ya gan ta sai ya ce ciwo ya kashe mata ci, sai addu'a.

Ni nake kai ƙwaryar da hannuna, saboda haka ina ganin ɗakin. Kullum a cike yake. Matan unguwa suna zaune sun zo dubiya, wannan ta tashi waccan ta zauna, domin a wurinmu barin mara lafiya shi kaɗai abin kunya ne. Malam Hamidu kuwa ya bar fatauci ya tare a gida. Da an ajiye ƙwarya sai ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, wani lokaci da tsire a takarda.

"Inna, ko kurɓi guda. Don Allah, don Annabi."

Matan su amsa, "Ki sha mana, Inna, ki ga yadda surukinki ya damu."

Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe kanta da ba gashi, ta juya fuska bango, ta ce, "Na ƙoshi. Allah shi yi albarka."

Ranar kasuwa sai ƙwarya ta dawo an sha rabi. Na yi hamdala, na ce na gano bakin zaren, domin ranar na sa 'yar zuma. Kashegari na yi irinsa sak, ya dawo a cike. Na zauna gaban murhu ina juya abin. Kunu bai sauya ba. Me ya sauya? Ranar kasuwa Malam Hamidu ya fita karɓar kaya, matan unguwa sun tafi cefane, Dikko ta je rijiya. Ɗakin ne ya zama ba kowa.

Sai na tuna, duk shekarun da Goggo Takko ta yi tana kawo mana nono, ban taɓa ganin ta sa wani abu a baki ba. Ko a bazara, in ta roƙi ruwa, sai ta zaga bayan rumbu ta sha. Mu ma Hausawa muna kunyar surukai, amma a wurinmu in ciwo ya shigo, kunya takan matsa ta ba shi wuri. Ta Fulanin daji ba ta matsawa. Ga ta a gidan suruki, a hannun ɗiyar fari wadda ko sunanta ba ta faɗa, balle ta ce mata tana son kaza. Ga baki da miki, in ta kurɓa sai rabi ya dalalo ta gefe. A haka ake so ta sha a gaban jama'a, mijin ɗiyarta yana tsugune yana kallo.

Na tare Dikko a hanyar rijiya. Na ce, "Dikko, ki yi mani gaskiya. Ciwo ne ya hana ta ci, ko idon mutane?"

Ta sunkuyar da kai tana murza igiyar guga. Can ta ce, "Na sani tun ranar da ta zo. To mi zan ce? In ce ma maigida ya daina gaida uwata? Ko in kori masu neman lada?"

Gaskiyarta. Babu mai laifi a gidan nan. Kirki ne ya yi yawa har ya tsaya wa baiwar Allah a maƙogwaro.

Cire suruka daga gidan mutum ba ƙaramin abu ba ne, gari zai ce ya kasa riƙe ta. Ni kuwa ban so in yi ƙarya. Sai na nemi wata gaskiyar da za ta iya ɗaukar nauyin. Madafar gidan Malam Hamidu tana jikin ɗakin da aka sa ta, hayaƙi da ƙaurin suya duk a kanta suke sauka. Da iznin maigidana na same shi a zaure, na ce ina so ta riƙa wuni a gidana, ta dawo nan ta kwana, saboda hayaƙi.

Ya kalli tabarma. Ya ce, "Hayaƙi kaɗai?"

Na ce, "Hayaƙi na ciki."

Ya gyara zama. Sannan ya ce, "Gobe da hantsi Dikko za ta rako ta. Ni kuma goro na jirana Kamba."

Ya tafi fataucinsa. Amma kowace safiya sai na tarar da damin itace a ƙofar gidana, wani lokaci da ƙwan zabi a ƙoƙo, wani lokaci da kaza a ɗaure. Ban gaya wa Goggo daga ina suke ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Akwai wata 'yar bukka a bayan gidanmu inda Inna Yalwa ke ajiye tukwane, ƙofarta na duban danga. Na share ta, na shimfiɗa tabarma da buzu. Ranar farko na ajiye mata ƙwaryar da ludayi da ɗan ƙyallen share baki, na fito bakin ƙofa, na zauna na ba ta baya, na ɗauki mazarina ina kaɗi. Can na ji muryarta a bayana.

"Kaɗo, kina nan?"

"Ina nan, Goggo. Idona na wurin zare."

"Ki bar shi can."

Sai na ji ludayi ya taɓa ƙwarya. Ya tsaya. Ya sake taɓawa. Wanda bai yi sana'ar nan ba ba zai san ƙarar nan ba. Tun daga ranar da kunne nake dafa mata. In na ji ludayi yana saurin komawa, na san abin ya karɓe ta. In na ji ta ja numfashi ta haƙora, na san ya taɓa mikin, gobe sai in rage gishiri ko in ƙara hucewa. In na ji ta ture ƙwaryar, ba na magana, sai in bari rana ta ɗan matsa in kawo wani abu dabam.

Ba a rasa faɗa ba. 'Ya'yanta maza na aiko da madara daga ruga, ni kuwa ina tafasa ta kafin in ba ta. Da ta ji ɗanɗanon sai ta ce, "Wa ya dafa madara? Wannan ɓarnar Haɓe ce. Saniyata ba ta da cuta."

Na ce, "Saniyarki lahiya lau take, ke ce ba ki da ƙyaure. Malamar asibiti ta ce, ni 'yar aike ce."

"Ita malamar ta taɓa tatsa?"

"In kin koma asibiti ki tambaye ta. Amma sai kin sha za ki iya komawa."

Ta yi tsaki, ta sha.

Daga kunu muka hau talge. Na riƙa fasa ƙwan zabo a cikin kunun yana kan wuta har ya nuna. Na dafa kabewa na dama ta da man shanu. Na dafa kaza har nama ya saki ƙashi, na daka shi a turmi na mayar cikin romonsa. Na yi alala mai taushi da waken da aka cire wa ƙwalfa. Ranar da zuciya ke tashi sai ruwan citta da ɗan busasshen ƙanzo ta tsotsa. Kifi kaɗai ne ya gagare ni. Ga kogi a kusa, ga romon ragon ruwa da na san yana tayar da majinyaci, amma ko na tace shi ya zama kamar ruwa sai ta gane.

"Ɗauke. Ni ban cin abin da ba shi da ƙafa."

Har muka rabu ban ci wannan yaƙin ba.

Ana gobe za su koma birni, ta ce daga bayana, "Kaɗo, mi zan ba ki?"

Na ce, "Malam Hamidu ya sallame ni. Amma ke akwai abin da kika riƙe mani. Mai dahuwa fuskar mai ci ce ribarta. Ni na dafa maki na dafa, ban taɓa ganin loma ta shiga bakinki ba."

Na ji ta yi dariya, dariyar farko tun zuwanta. Ta ce, "Wannan bashi ne mai nauyi. Ki biyo ni shi."

Da motar ta dawo da su, Dikko ta leƙo gidana tun ba ta sauke kaya ba. Ta ce, "Sun auna. An yi mata."

Na ce alhamdu lillahi, na je na jiƙa gero, domin na san abin da ke biye. Kowace allura tana mayar da mutum farkon hanya. Baki ya sake fashewa, mu koma kunu mai ruwa-ruwa, mu sake hawa a hankali. Haka muka yi ta yi har aka yi girbi, asibiti suka ce ta huta, sai dai ta riƙa zuwa ana dubawa. Ta koma ruga a kan jaki, gashi ya fara tsirowa kamar na jariri.

Bayan wannan ne babban fari ya sauka. Wanda ya gan shi ba ya son a tuna masa. Shanu suka riƙa faɗuwa a hanyar kogi. Madara ta ɓace daga kasuwa, gero ya zama abin ɓoyo. Majinyata ba su daina zuwa ba, sai ma ƙaruwa. Na dama kunu da tsakin shinkafar da a da kaji muke ba. Na daka ƙuli-ƙuli ya maye gurbin gyaɗa. Na daka busasshen kifi ya zama gari ina barbaɗawa a talge. Garin rogo da ake shigowa da shi daga hayin iyaka ya cika ciki, amma ba ya gina jiki, ina ba su ina sane. Akwai wani dattijo daga Matsinkai mai daji a wuya, asibiti suka mayar da shi saboda rama, na yi iyakar yina, jakin bai tashi ba. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan sauran. A shekarar na san gwaninta ba ta dafa tukunyar da ba komai a ciki.

Mutanen Goggo Takko suka kora abin da ya rage musu na shanu suka tsallaka iyaka neman ciyawa. Malam Hamidu ya kwashe iyalinsa ya koma Kamba. Labari ya yanke. In an ambaci masu daji da na dafa wa, nakan sa ta cikin addu'a, ban san ko ta masu rai zan yi mata ba ko ta waɗanda suka riga mu.

Shekaru suka wuce, ruwa ya dawo, ƙasa ta yi kore. Wata rana bayan la'asar ina tankaɗe a tsakar gida, na ji sallama. Wata tsohuwa ta shigo da ƙwarya a ka, kitsonta fari fat, kafaɗa ɗaya ta ɗan karkace.

"Kaɗo, har yanzu kina dafa madara?"

Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyyar waɗanda aka rasa. Ta ce daga shanunsu kaɗan suka tsira, amma sun hayayyafa. Ban kai ga shimfiɗa mata a bukkar baya ba, ta zauna nan tsakar gida. Ta sauke ƙwaryar, ta buɗe faifai. Kindirmo ne da fura. Ta dama da hannunta, ta fito da ludayi biyu daga cikin zane, ta ce in sakaya ƙofar gida.

Na sakaya, na dawo. Jiki da sabo, sai na zauna na ba ta baya.

"Kaɗo, juyo."

Na juyo. Ta ɗebo furar. Gumi ya tsattsafo mata a goshi kamar mai ɗaukar dami. Ta kai ludayin baki, idonta cikin nawa, ta kurɓa, ta haɗiye. Ta share baki da bayan hannu.

"Kin gani?"

Na ce, "Na gani, Goggo."

"To na biya. Ɗauki ludayinki ki ɗiba, ki juya in ƙarasa."

Na ɗiba, na juya. Ina sha ina jin ludayinta yana kai da kawowa a bayana, har ya taɓa gindin ƙwarya. Godiya ta tabbata ga Allah.